Yadda ake rufe giɓin gaba lokacin gyaran haƙora da waya

Gyaran jerin haƙora da waya aiki ne mai cin lokaci. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, wani ma ya zarce haka. Wanda haƙoransa suka cika, wayar ce kawai abin kallo a bakinsa. Mai giɓi a gaba kuwa damuwarsa biyu ce, domin sau da yawa likita da gangan yake ƙara buɗe giɓin don a sami gurbin haƙorin da za a sa daga baya. 'Yar sakandare da ke cikin wannan hali sai ta koma dariya da hannu a baki. Ga shi kuwa akwai dabarar rufe wurin tun ana tsakiyar aiki, kuma ba wata mai wuya ba ce.

Giɓin gaba yakan samo asali daga abu biyu. Ko dai haƙorin ya fita ta hanyar faɗuwa, haɗarin babur ko ruɓewa, ko kuma tun asali bai tsiro ba bayan famfara. Wanda ya fi yawan ƙin tsirowa a gaba shi ne ƙaramin haƙorin sama da ke tsakanin babban haƙorin tsakiya da fiƙa, kuma abin yakan bi jini a wasu gidaje.

Da farko likita zai ɗauki hoton ƙashin baki, ya auna haƙoran, sannan a yanke shawara: a rufe giɓin ta hanyar jawo fiƙa gaba a gyara mata siffa, ko a buɗe shi a ajiye gurbi. Ko wacce aka zaɓa, za a yi watanni da sarari a wurin, kuma shi ake son ɓoyewa.

Sai zaɓen haƙorin roba da za a rufe wurin da shi, irin wanda ake jerawa a haƙoran cirewa na tsofaffi. A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ana kara allon launuka kusa da haƙoran mutum, zai fi kyau a hasken rana, kuma haƙoran na da danshi, domin busasshen haƙori yakan yi fari fiye da ainihinsa. Mutane da yawa sukan nemi mafi fari. Kuskure ne, haƙorin da ya fi maƙwabtansa haske shi ke fara tona asirin kansa. Faɗinsa kuma ana ɗauko shi daga takwaransa na ɗaya ɓangaren idan yana nan. Idan babu, ana kwatantawa da babban haƙorin tsakiya: ƙaramin yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa, wato wajen milimita 6 zuwa 7.

Daga nan a goge shi da injin hannu har ya zauna. Gindinsa ya ɗan taɓa dasashi kamar daga ciki ya fito, amma kada ya danne shi. Bayansa kuma a rage shi yadda haƙoran ƙasa ba za su buge shi ba idan an rufe baki. Wani lokaci, idan haƙorin mutum na asali ne aka cire kuma kansa bai lalace ba, akan yanke saiwar, a toshe ramin, a yi amfani da shi. Babu robar da za ta kai shi dacewa.

Yanzu sai a kankare fuskar haƙorin kaɗan don gam ya kama, a manna masa ɗan ƙarfen nan da ke kan kowane haƙori, a saita tsayinsa da na sauran, sannan a ɗaure shi a jikin babbar wayar. Ba shi da saiwa, wayar ce ke riƙe da shi. Shi ya sa irin wayar ke da muhimmanci. A watannin farko siririyar waya mulmulalliya ake sawa, haƙorin kuwa juyawa zai riƙa yi a kanta kamar ƙwayar carbi a zare. Sai an kai ga waya mai kusurwa huɗu, wadda ke cika ramin ɗan ƙarfen, yake tsayawa cak. Kafin lokacin, likita kan iya liƙa shi a jikin haƙorin da ke kusa, ko ya ce a ɗan yi haƙuri, musamman idan sararin bai isa ba kuma sifirin da aka sa a jikin wayar na kan tura haƙoran gefe.

A kowace ziyara ana duba shi. Idan giɓin rufewa yake yi, a goge gefen haƙorin kaɗan kaɗan har ya zama ba a buƙatarsa. Idan buɗewa yake yi, a ƙara masa faɗi da abin cike haƙori ko a sauya babba. Da ya kai girman da ake so, shi ne zai tsare gurbin kada maƙwabta su dawo.

Masu amfani da robar nan mai garai-garai irin ta Invisalign nasu ya fi sauƙi: ana zuba abu mai launin haƙori a cikin gurbin da ke jikin robar. Illarsa ita ce da an cire don cin abinci, giɓin ya bayyana.

Kulawa tana hannun mai haƙorin. Na ado ne, ba na cizo ba, don haka rake, goro da ƙashin nama ba nasa ba ne. A yanka abu ƙanana a tauna da turame. A riƙa zura zaren sakace ko ɗan siririn burushi ƙarƙashinsa kullum, in ba haka ba dasashi ya kumbura, baki ya yi wari.

Bayan an cire waya, akan sa haƙorin a jikin robar riƙe jeri, ko a manna wani mai fiffike a bayan haƙorin kusa. Dashen ƙarfe a ƙashi kuwa sai girma ya tsaya, galibi daga shekara 18 zuwa sama, domin dasasshen haƙori ba ya bin muƙamuƙi idan yana girma. Iyaye, ku tambayi likita yadda za a rufe giɓin da kuɗinsa tun ranar da ake tsara aikin, kafin a manna ƙarfe ko ɗaya.