Darasi: Hawan Babur a Burtali

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Dawakin Tofa gona na jikin gona. Hanyarmu ita ce burtali da 'yar hanyar ƙafa. Da rani rairayi, da damina laka. Wanda ya ɗauko buhun gero zai kai kasuwar Dawanau, in ya faɗi, ba shi kaɗai ya yi hasara ba, gama hatsin ƙungiya ne.

A ƙasar Sikotland akwai wata gasar babur da aka fara a 1909, yanzu kwana shida ake yinta. Ba mai gudu ke ci ba, sai wanda ya haye duwatsu da rafi bai sa ƙafa a ƙasa ba. Ga abin da za mu koya:

1. Sa giya ta ɗaya ko ta biyu. Riƙe wuta daidai, kada ka fizga.
2. In ba kaya, miƙe tsaye bisa matakan ƙafa, gwiwa a sake.
3. Cikin rairayi ja jikinka baya. Kada ka damƙe birkin gaba.
4. Dubi inda za ka, ba gindin taya ba.
5. Ɗaure buhu tamau, nauyi daidai hagu da dama. Sa hular kwano.

Kada ka ratsa shukar maƙwabcinka don gudun laka. Sauka ka tura. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya domin taro: Wane burtali ne ya fi lalacewa a ƙauyenku? Yaushe za ku yi masa gayya?