Gona Ba Ta Haihuwa

Ko kana Takanamat ko kana birnin Tawa, ka sha jin ana cewa ƙasa ta yi mana kaɗan. Wasu su ce baƙi ne suka cika ta, wasu su ce ruwa ne ya janye. To, mu zauna mu yi lissafi.

A 1960, da Nijar ta samu ƴancin kai, mutanenta ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17, jahar Tawa kaɗai tana da fiye da miliyan 3, wato jaha guda ta kamo Nijar ta jiya. Amma faɗin ƙasa yana nan yadda Allah Ya shimfiɗa shi.

Ɗauki misali. Malam yana da gona mai ba shi dami 120 na hatsi. Ya rasu, aka raba ta kashi 4. Kowane magaji ya tashi da dami 30, in damina ta yi kyau ke nan. Da can akan bar gona ta huta shekaru, ciyawa ta rufe ta, shanu su taka ta su bar taki. Yau wa ke da gonar da zai bari? Ana nome ta kowace shekara, a kwashe kara, a sare kalgo da sabara don itacen girki, iskar hunturu ta ɗebe ƙasar sama, sai a wayi gari ta zama faƙo, ko hauya ba ta shiga. Daga nan mai gona ya ɗaga ido arewa, inda makiyaya suke. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa bisashe wurin kiwo, kuma Takanamat ba ta da nisa da wannan iyaka. Gonaki sun daɗe da tsallake ta, sun ci burtali, sun kewaye tafki. Rigimar manomi da makiyayi a nan take samun tushe.

Batun baƙi fa? Gaskiya ne ƴan gudun hijirar Mali sun sauka Intikan, a nan jahar Tawa, a 2013 da garkunansu, kuma rijiya ta ji nauyinsu. Sai dai Ba'adare, ɗan yankinmu na Adar, ya kamata ya fi kowa tauna wannan magana kafin ya furta. Da an gama girbi samarinmu kan tafi biɗa Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, kuɗin da suke aikowa shi ke sayen buhun da rumbu ya kasa bayarwa. Iyayenmu sun ga korar baƙi daga Gana a 1969 da Najeriya a 1983, mu kuma mun ga waɗanda suka dawo daga Libiya hannu wofi a 2011. Ko da baƙon ƙarshe ya tashi gobe, gonar Malam tana nan kashi 4.

Faƙo kuwa yana warkewa, mun gani a cikin Adar ɗin nan. Bayan farin 1984, aikin Keita ya farfaɗo da tuddai, mata ne ma suka fi ɗaukar duwatsun a ka. Manoman Badagishiri da Illela sun gina tassa: ka haƙa ɗan rami da rani, ka tara ƙasar a gefen gangare, ka zuba taki cikin hannu, gara ta huda shi, ruwan farko ya kwanta ciki maimakon ya gudu. Faƙon da aka yasar har saye da sayar da shi aka koma yi.

Akwai kuma maganar da ake jin nauyinta. Babu mai ƙayyade wa mutum ƴaƴa, arziki na Allah ne. Amma kakanninmu sun san illar kwanika, addini ya ba jariri shekara 2 na shayarwa, kuma a asibiti ana bayanin tazarar haihuwa. A ganina maigidan da ya raka matarsa can ya kyauta wa gidansa.

Kafin damina ta faɗi, ka gina tassa ko da kadada ɗaya, ka bar tsiron gawo in kana sassabe, kuma in iyakar gonarka ta taɓa burtali, ka je wurin hukumar filaye ta garinku, wadda ake kira Kofo, a shata ta tun shuka ba ta fito ba.