Da Gaske Kyauta Ake Kallon Wasanni a New York?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ne ya aiko da tambaya, yana son a tabbatar masa ko gaskiya ne a birnin New York na Amurka ana kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a fili ba tare da biyan ko sisi ba.

To, malam, gaskiya ne, amma sai a watannin zafi, wajen Yuni zuwa Satumba. Mafi shahara shi ne wasan kwaikwayon Shakespeare da ake yi a dandalin Delacorte, cikin lambun Central Park, tun 1962. Joseph Papp ne ya kafa shi. Dandalin ba rufi, yana ɗaukar mutum kusan 1,800. Tikitin kyauta ne, sai dai haƙuri ake biya da shi: tun da asuba mutane ke shimfiɗa bargo a layi, da kofi da littafi a hannu, sai tsakar rana a fara rabo, kowa biyu. Idan ruwan sama ya tsananta kuwa, a tashi wasa.

Akwai kuma bikin kiɗa na SummerStage, wanda aka fara a 1986, ya bazu zuwa lambunan unguwannin birnin. Mawaƙan Afirka irin su Angélique Kidjo da Youssou N'Dour sun hau dandalinsa.

Kuɗin fa? Daga gudummawar attajirai da kamfanoni da gidauniyoyi yake fitowa, sannan ana ware wasu darare a sayar da tikiti don tallafa wa sauran. Da fatan mai tambaya ya gamsu.