Daga Sabon Tasha zuwa asibitocin Ingila: idan abokin aiki ya sa wa baƙo ƙahon zuƙa

A unguwar Sabon Tasha da ke Kaduna, idan ma'aikata biyu suka saɓa, ba a rasa mai shiga tsakani. Ko wani dattijo ya ja su gefe, ko fasto ko liman ya sa baki, a ƙarshe a ce wa ƙaramin ya yi haƙuri. Da wannan tarbiyya matasan unguwar da na Unguwar Boro da Narayi, waɗanda suka karanci aikin jinya, suke sauka a Manchester ko Birmingham, tun da Ingila ta fito da bizar ma'aikatan lafiya a 2020. Kuma suna da yawa: a rajistar NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a can, in aka cire Indiya da Filifin, babu ƙasar wajen da ta kai Najeriya yawan nas-nas.

Tsangwamar can ba ta zuwa da ihu. Baƙuwa ta yi gaisuwa, a amsa a daƙile. Wajen miƙa aiki da safe a ce ba a gane Turancinta ba, sai ta maimaita a gaban kowa. A bar mata marasa lafiya mafiya wahala, a jera mata aikin dare. Ita kuwa a gida sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, ba ta san can ana iya ɗaukarsa rashin gaskiya ba.

Shiru ba ya cikin abin da ofishin ma'aikata ke dubawa, takarda suke nema. Don haka tun ranar farko mai wayo ke buɗe ɗan littafi: kwanan wata, lokaci, abin da aka faɗa kalma da kalma, da wanda ke wurin, ban da sunan majiyyaci. In ta yi magana da shugabar sashe baki da baki, ta bi bayansa da imel, ko layi uku ne. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai rubutaccen ƙorafi, kuma doka ta ba ta damar zuwa zaman sauraro da wakilin ƙungiyar ƙwadago. Amma fa ƙungiya irin RCN ko UNISON tun kafin rigima ake shigarta, domin galibi ba sa ɗaukar matsalar da ta girmi rajistar mutum. Asibitocin gwamnati na NHS kuma suna da jami'in da ake kai wa kuka a asirce.

Dokar daidaito ta 2010 ba ta kama kowane mugun hali ba. Abin da ta haramta shi ne muzgunawa saboda launin fata, asali, addini, jinsi, shekaru da makamantansu, da kuma ramuwar gayya a kan wanda ya kai irin wannan ƙara. A 2023 Michelle Cox, wata babbar nas baƙar fata, ta yi nasara a kan hukumar NHS ta Ingila a kotun ma'aikata, da goyon bayan RCN. Cikin abin da kotun ta gano har da ware ta daga tarukan sashenta da gangan, irin abin da a gida za a ce bai kai ya kawo ba.

Babban abin da ke rufe bakin baƙo shi ne biza, tunda a hannun mai ba shi aiki take. Wanda ya ajiye aiki cikin fushi, kwana 60 galibi ake ba shi ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa ake neman sabon wuri kafin a miƙa takardar barin aiki. Wa'adin zuwa kotu ma gajere ne: kada a yi sake har wata uku su cika daga ranar da abin ya faru, kuma dole a fara sanar da hukumar sasanci ta ACAS, wadda ba ta karɓar ko sisi.