Sudusi da Sumuni, Wanne Ya Fi Yawa?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyar a firamare. Duk lokacin da aka ba shi 1/6 da 1/8 sai ya ce 1/8 ya fi girma. Yaya zan yi da shi?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaron nan yana da kai. Tun aji ɗaya ake gaya masa takwas ta fi shida, a kan haka yake tafiya. Abin da ba a nuna masa ba shi ne aikin lambar ƙasa: ita ke faɗin gida nawa aka raba abu. Ki samo gurasa biyu masu girma ɗaya, ki yanka ɗaya gida shida, ɗayar gida takwas, ki ce ya ɗauki yanki guda. Da kansa zai kai hannu ga na gida shida. Matuƙar lambobin sama iri ɗaya ne, mai ƙaramar lamba a ƙasa shi ne babba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne idan sama da ƙasa duk sun bambanta, kamar 2/3 da 5/8. Nan ina son hanyar malamanmu masu rabon gado, wato a nemo lambar da kowace lambar ƙasa za ta raba ba saura. Mamaci in ya bar 'ya'ya, mahaifiyarsa tana da sudusi (1/6), matarsa sumuni (1/8). Sai su kasa dukiyar gida 24, uwa ta ɗauki 4, mata 3. A naira 240,000, uwa na da 40,000, mata 30,000. Haka ma 2/3 zai koma 16 cikin 24, 5/8 kuma 15 cikin 24, kin ga na farko ya ɗara da gida ɗaya kacal.

Akwai gajeriyar hanya ta ninkawa a gicciye: 2 sau 8 ya ba da 16, 5 sau 3 ya ba da 15. Daidai take, amma don Allah kada ki fara masa da ita. Yaron da ya haddace ta ba tare da ya ga an yanka komai ba, ranar da ya manta gefen da zai ajiye 16 ɗin, shi ke nan ya ɓata.

Ki kuma saba masa da auna kowane kaso da rabi kafin ya taɓa biro. 3/7 bai kai rabi ba, 5/9 ya haura rabi, don haka 5/9 ya fi. Kullum bayan cin abincin dare ki ba shi guda biyu ya gwada da baki, ya gaya miki dalilinsa.