Karabinar Da Na Tsinta A Dutsen Shere

A hutun da ya wuce ina cikin ɗaliban da aka kai horon hawan dutse a duwatsun Shere, kusa da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Kafin in je na ɗauka igiya ce kaɗai kayan aikin. Ashe ƙananan ƙarafan da ke reto a ƙugun mai hawa su ke riƙe da ransa.

Akwai karabina, wato wani zoben ƙarfe mai ƙofa wanda ake zura igiya a ciki. Mai kyau tana jure nauyin tan 2 in ƙofar tana rufe, amma in ta buɗe sai ƙarfin ya koma kamar kilo 700. Sai kuma noti, ɗan dunƙulen ƙarfe mai waya, wanda ake cusawa a tsagar dutse ya maƙale. Sunan yana da tarihi. A Birtaniya da tsakuwa ake toshe tsaga a ɗaura igiya, sai a shekarun 1950 masu hawa suka koma tsintar notin inji a bakin hanyar jirgin ƙasa, su goge zaren cikinsa don kada ya ci igiya. Wato tun asali da tsintuwa aka fara.

To, yaya kayan ke ɓata? Na gaba shi ke cusa noti yana hawa, na baya kuwa yana bi yana cirewa. In na gaba ya zame, nauyinsa ya danne notin, sai ya cije a tsaga ya ƙi fita. Wani lokaci kuma hannu ke gajiya, abu ya suɓuce. Abin da wani ya bari, wani ke samu. Mu ’yan kwana mun san wannan sarai: ka zo da cokali ɗaya, ya ɓata, ƙarshen zango ka ga uku a akwatinka, ba ka san masu su ba. Shi ya sa masu hawa ke yi wa nasu alama da jan farce ko salatif.

Ran kwana na uku ni ne na baya. Ina kokawa da wani noti sai karabina ta suɓuce mini, na ji tana ƙara tana gangarawa har ta yi shiru. Kowane maraice ana ƙidaya kaya, kuma na san ba za su cika ba. Muna saukowa sai na hangi wata a bakin tsaga, ɗaure da tsohon madaurin lailon da rana ta ƙoɗar. Na soke ta a aljihu, da yamma na jefa cikin sauran, na yi tsit.

Malamin horo bai ko gama ƙidaya ba ya ɗago ta, don ba jan fenti a jikinta.

“Wa ya kawo wannan?”

“Ni ne, Malam. Tsinta na yi.”

“Tsintacciyar mage ba ta mage, yaro. Matso ka gani.”

Ya danna ƙofar ya saki, sai ta tsaya a buɗe, don ƙasa da tsatsa sun kashe ta. Ya ɗora yatsana inda igiya ta ci ƙarfen, na ji kwari mai kaifi wanda zai iya yanke igiya. Madaurin kuwa ya bushe ƙayau, gama rana tana cinye ƙarfin lailon ko bai nuna yagewa ba. Sa’an nan ya nuna abokina da haɓa, ya ce, “Gobe shi ne zai hau a gaba. Da a kanta zai rataya.”

Ban iya duban abokin nan ba. Aka rubuta sunana a littafin kaya, aka ce in wanke tukwane kwana biyu, ba don ɓatarwar ba, don ɓoyewar. Tsintacciyar kuwa Malam ya yanke madaurinta gunduwa-gunduwa, ya miƙo mini ita da sharaɗin kada ta ƙara kusantar igiya. Tana nan a ɗakin kwananmu, makullin akwatina ke rataye a jikinta.