Tantance Bayani a kan Fim: Darasi daga Shaihu Umar

Gabatarwa

Mu da muke koyon Hausa nesa da ƙasar Hausa, finafinai na daga cikin manyan hanyoyin da muke jin harshen a bakin masu shi, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke zaɓen fim a matsayin batun jinga ko kundin digiri. Sai dai akwai matsala. Na taɓa rubutawa a wata jinga cewa Turmin Danya shi ne fim ɗin Hausa na farko. Malamina ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta kalmomi uku kacal: "In ji wa?" Na rasa amsa, domin a intanet na tsinta. Wannan maƙala za ta nuna matakai huɗu na tantance irin wannan bayani, tare da misali daga fim ɗin Shaihu Umar.

Mataki na ɗaya: fayyace abin da ake nufi

Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma daga kansa manazarta kan fara lissafin finafinan Hausa na kaset ɗin bidiyo. Amma tun a 1976 Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar da Hausa, fim irin na silima. Ashe kuskurena shi ne barin kalmar "bidiyo". Duk inda ɗalibi ya ga an ce "na farko", to ya tambaya: na farko a wane rukuni?

Mataki na biyu: kowace shekara da abin da ta shafa

Sunan Shaihu Umar ɗaya ne, amma ayyukan huɗu ne. Akwai littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya. Akwai fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett a 1967. Akwai wasan kwaikwayo na Umaru Ladan da Dexter Lyndersay da aka buga a 1975. Sannan ga fim ɗin 1976. Wasu shafuka kan ce littafin na 1955 ne, alhali wannan shekarar sake bugu ce. Wanda bai rarrabe waɗannan ba zai ɗora shekarar wani aiki a kan wani.

Mataki na uku: auna bayani da hankali

Idan aka ce Tafawa Ɓalewa ne ya shirya fim ɗin, lissafi kaɗai ya isa ya rushe maganar, domin an kashe shi a watan Janairun 1966, wato shekara goma kafin fim ɗin. Haka kuma shafuka goma da suka kwafi juna ba shaidu goma ba ne, shaida ɗaya ce. A bi sawun maganar har a kai ga wanda ya fara faɗin ta, a duba ko ya nuna madogararsa. A kuma nemi sunan ta fuska biyu, Shaihu da Shehu, domin duka ana rubutawa.

Mataki na huɗu: komawa ga tushe

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sunayen da ake jerowa a farkon fim da ƙarshensa sun fi sharhin kowa ƙarfi. Bayansu sai hira da waɗanda suka yi aikin, sai jaridu da mujallun lokacin, sai littattafan masana. A kula da shekarar da aka yi rubutun ma. An daɗe ana ɗaukar cewa Shaihu Umar ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. Saboda haka rubutun da ya ce fim ɗin ya ɓata gaskiya ne a zamaninsa, amma yanzu ya tsufa.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, kundin da muka rubuta a ɗakin karatu za a ajiye shi, kuma ƙannenmu za su ɗauko daga ciki. Kuskuren da muka bari zai yi ta haihuwa da sunanmu. Don haka kafin mu miƙa aiki, mu tsaya a kan kowane suna da kowace shekara mu yi wa kanmu tambayar malamina. Matambayi dai ba ya ɓata.